Haƙorin Baba Ilu

Talata, bayan isha'i

Yau na tona kwandon shara da hannuna. Wata bakwai kenan da na baro iyalina a Gombe ina cire haƙora a ɗan asibitin ƙauyen nan, ba wanda ya taɓa cewa sannu.

Da safe aka kawo Baba Ilu a babur, kuncinsa a kumbure. Ya haura tamanin. Kamar sauran tsofaffin nan, sai da kanumfari ya gaza sannan ya zo. Na cire haƙorin, na jefa a shara. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo.

"Likita, ina haƙorina?"

"Baba, ai ruɓaɓɓe ne, na yar."

"Ruɓaɓɓe ko lafiyayye, jikina ne. Duk waɗanda suka faɗi, a gindin ɗorawar gonata na binne su. Wanzami ma a hannu yake miƙo maka."

Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa, ban tambaye shi ba. Na sa safar hannu na lalubo, na wanke, na naɗe masa a takarda.

Na ce, "Baba, haka kowa yake yi?"

"Abin da ya hana yayata zuwa kenan. Shekara biyu sai kunu take iya sha. Tunda kana mayarwa, jibi zan kawo ta."

Ni da nake zaton tsoron allura ne yake hana su zuwa. Ko su nawa ne haka a ƙauyukan nan? Gobe zan yanka takardu da yawa.