Na nuna tafintana da yatsa, ranar Litinin za a rantsar da ni

Assalamu alaikum masu karatu. Edita, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai wa'azi ya riƙe abinsa, na san abin da na yi.

Ni dillalin fatu ne a Koki, ban gaji ko allura ba, da dakon ƙiraga na fara har na kai ina kai wa wani Bature Bafaranshe fatar akuya a kantinsa. Ba ya jin Hausa, ni kuma ba na jin yarensa, sai na ɗauki wani tsohon sojan Faransa mutumin Damagaram ya zama tafintana, a unguwa ana ce masa Baba Soja. Ya haura sittin, ƙafa ɗaya ja yake yi, ba shi da kowa a Kano.

Tun farko na ga la'adar da yake karɓa ta yi mini yawa, don haka na lallaɓa shi ya koya mini abin da ciniki ke bukata kawai, wato nuni. Kullum bayan la'asar sai ya baza fatu a zaure, ya taɓa ta kusa ya ce sel-si, wannan ke nan, ya nuna ta nesa ya ce sel-la, waccan. In namiji ne sai a ce selwi-la, wancan. In na yi kuskure ya yi ta dariya yana cewa, "Alhaji, harshenka kamar busasshen ƙirgi." Shi a ganinsa ɗa ya samu, ni kuwa ranar sallamarsa nake jira.

'Yan sana'a sun san fatar da aka shanya a inuwa ita ce lamba ɗaya, wadda aka baza a ƙasa rana ta dafa ta kuwa kyau gare ta a ido, sai an je jima ta zube. Ni nakan cusa irin waɗannan a tsakiyar ɗauri, da hannuna, ba wanda ya sani. Watan jiya takarda ta zo wa Bature daga ƙasarsu cewa kaya sun lalace. Ya tsayar da mu gaban sikeli, ya yanke igiyar ɗauri, ya zaro ruɓaɓɓun yana jefa mana a ƙafa, fuska ja wur. Da ya tambaya wa ke ɗaure kaya, Baba Soja ya juyo ya fara fassara mini, ban bar shi ya ƙarasa ba, na nuna shi da yatsa na ce selwi-la.

Baba Soja ya iya yaren, da ya so da ya tona ni nan take, amma bai yi ba. 'Yan dako suka fitar da shi suna jan rigarsa. Yanzu a unguwa yara na bin sa da "ɓarawon fata", mai shayi ma ya hana shi benci. Ni kuwa Bature ya ce zai naɗa ni wakilinsa, da sharaɗin in yi shaida, don ya kai ƙarar Baba Soja gaban alƙali.

Jiya na same shi a bakin Ƙofar Ruwa, na ce zan sa shi a motar Damagaram ya ɓace, kowa ya huta. Ya ƙi. Ya ce ba zai gudu ba, ba zai yi musu ba kuma, so yake ya zauna ya ga ko zan yi alwala in dafa Alƙur'ani a kansa. Na ce masa gidan yari ba wurin gurgu ba ne, ba zai kai damina ba. Ya ce, "Wannan kai ya dama, Alhaji."

To jama'a, in na faɗi gaskiya sana'ar shekara ashirin ta tafi, ba kantin da zai sake karɓar ɗaurina. In na rantse an ɗaure tsoho. Ba zan ɓoye muku ba, ɗaurin nasa ba zai hana ni cin tuwo ba, rantsuwar ce nake tsoro. Akwai hanyar da zan tsira da wakilcin ba tare da na dafa Littafin ba, ko kuwa dole sai ɗayanmu ya faɗi?