Takin da Auta Ya Kawo

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ni dai lafiyar jiki kaɗai gare ni. Lambuna yana mutuwa, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ina gyara ƙasar nan da ruɓaɓɓen ganye da toka, ban taɓa yi mata feshi ba, shi ya sa ma aka ba ni tebur a kasuwar manoma. Yanzu tumatir ya nannaɗe ganye kamar hannun da aka dunƙule, barkono ya tsaya cak. Abin da ya fi ci mini rai, dashen da na sayar wa mutane a leda haka yake yi a gidajensu. Ranar Asabar wata tsohuwar malamar makaranta ta dawo da nata, ta jera mini a kan tebur. Ko faɗa ba ta yi ba. Da ma ta yi.

Na duba ƙwari, na duba ruwa, na birkice littattafaina. Abu ɗaya ne sabo bana: kashin shanun da Autanmu ya kawo mini mota guda, kyauta. Tun ranar ya kamata in tsargu. Yaushe Auta ya fara kyauta?

Ki gaishe mini da kowa.
Ƙanwarki

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yaran. Na ji daɗi da gwiwar ta lafa.

Na yi gwaji. Na shuka wake a gwangwani shida da takin Auta, shida da ƙasar bayan katanga. Na bayan katanga sun fito lafiya, nasa duk sun murɗe. Malamin gona ya ce akwai wani maganin kashe ciyayi da ake fesa wa filin kiwo, saniya ta ci ciyawar wurin, maganin ya fita cikin kashinta da ƙarfinsa. Irin wannan ciyawar ɗan'uwanki yake saya don ta fi araha, alhali madarar da yake sayarwa a kasuwarmu an rubuta mata ba magani.

Na same shi a garke. Ya yi dariya, wai boko ya yi mini yawa, kashi ai kashi ne. Matarsa ce ta biyo ni har bakin ƙofa, ta rage murya ta ce, "Anti, bara haka takin nan ya kashe mini barkono. Maigidan ya sani." Wato tulin kashin ne ya cika masa fili, ya rasa inda zai kai, sai ya tuna yana da 'yar'uwa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kin ce in rufa masa asiri in ce cuta ce ta shigo, domin in shugabannin kasuwa suka ji za su kore shi, ga iyali. To malamar nan fa, da ta juye ƙasar ledata cikin fangalinta? Ita ba ta da yayar da za ta rubuto mini.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki

Yayata,

Ina fatan kina lafiya, ko da yake na san fushi kike yi da ni.

Na faɗa. Gaban shugabannin kasuwa na tsaya, na fara da laifina: na karɓi taki ban gwada ba. Sun kori Auta. Ni kuma sun ɗauke teburina sai ƙasata ta wanku, shekara biyu ko uku, in ji malamin gona. Mai zuma da muke maƙwabtaka ya taya ni naɗe rumfa, bai ko kalle ni ba.

Kin zaci ya yi nadama? Shekaranjiya na wuce ta ƙofar garkensa, na ga ya kafa allo a bakin titi: taki kyauta, kowa ya ɗiba. Har wata mata ta tsaya da buhunanta. Na kore ta kamar na haukace, na kira mai tifa muka kwashe tulin kaf. A hanya ya tambaye ni inda za a zubar. Na yi tunanin bola, na yi tunanin bakin rafi, ko'ina akwai shukar wani a kusa.

Na sa ya juye shi a tsakiyar lambuna, kan fangalin latas, wanda shi kaɗai ya rage da rai. Malamin gona ya ce yanzu kada in ƙara tambayarsa shekarun da ƙasar za ta ɗauka kafin ta wanku.

Kada ki turo kowa sulhu. Ki gaishe da yara.
Ƙanwarki