Mijina Ya Zaɓi Ɗan Mai Kuɗi

Gwaggo Leocadia,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Juma'a. Na riga na sayi tikitin motar da za ta kai ni babban birni, kuma idan ba ki tsayar da ni ba, sai na je na kifar da teburin wani.

Ni matar aure ce a nan garin León, shekarata arba'in da shida, 'ya'yana huɗu. Mijina, bari in kira shi Nicanor, ɗinkin takalma yake yi a ɗan shagonsa da ke ƙofar gidan hayarmu. Bai yi makaranta ba, ba ya karatu, amma idan ya kalli tafiyarki sau ɗaya zai faɗa miki inda takalminki yake matsa miki.

Kin san ɗan littafin nan na soyayya mai zane da ke fitowa duk Talata, wanda suke rubutawa a bayansa cewa mai karatu ya aiko da labarin rayuwarsa su zana. To bara muka yi faɗa da Nicanor a kan rufin ɗakinmu, damina uku yana yoyo, shi kuma kullum sai ya ce gobe. Cikin wannan fushin na zauna na rubuta musu nawa.

Ga labarin a taƙaice. Ina da shekara goma sha tara na yi aikatau a gidan wani attajiri mai majema. Ɗansa ya ce yana sona, har ya ba ni zobe a bayan madafa. Ni ma na so shi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma wata rana a gaban mahaifiyarsa ya kalle ni ya ce, ke yarinya, wai mene ne ma sunanki? Washegari na ajiye masa zobensa a cikin kofin shayinsa. A lokacin akwai wani saurayi mai shiru-shiru da ke zuwa sayen guntayen fata. Ya ga takalmina ya tsinke na ɗaure da waya, sai ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya ce in taka, ya zagaye ƙafata da fensir. Bayan sati biyu ya kawo mini jan takalmi, ya ajiye ya juya ya tafi. Shi na aura, kuma takalmin yana nan a ƙasan akwatina.

Dole in faɗa miki wani abu da yake ba ni kunya. Shafi shida na aika. Biyar da rabi duk a kan ɗan mai gida ne, motarsa da turarensa da yadda yake taje gashi. Nicanor layi huɗu ya samu a ƙarshe.

Yanzu labarin ya kai fitowa ta goma sha huɗu. Sun canza sunaye, ni na zama Azucena. Sun cire wurin da ɗan mai gida ya manta sunana gaba ɗaya, sun mayar da shi mala'ika mai gashin baki. Mai takalmi kuwa sun yi masa tumbi da kwalbar giya a aljihu, duk sati sai ya faɗa kwata. Gwaggo, mijina in ba ranar bikin baftisma ba ko kofi ɗaya ba ya kurɓa.

Gidanmu ɗaki goma sha biyu ne, littafi ɗaya yake zagaye mu har ya yi laushi kamar tsumma. A wurin wanki ba a wata hira sai ta Azucena. Maƙwabciyarmu Doña Casilda, wadda ke sayar da wainar masara, ta ce da ita ce ko takalmi ba za ta tsaya sawa ba, a guje za ta bi motar. Wata ta ce in ta buɗe shafin mai takalmi har warin gam take ji. Wata kuma kuka take yi da gaske, tana cewa Allah ya haɗa 'yarta da irin wannan yaro. In sun fito sai su leƙa shagon mijina su ce, Maigida Nicanor, ɗan'uwanka ya sake kwana a kwata. Shi kuma ya yi dariya da ƙusoshi a bakinsa. Ba wadda ta san ni ce, ina tsaye a gefensu ina murza riga kamar zan yaga ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni nake karanta masa littafin duk Lahadi bayan mun dawo daga coci. Ina tsallake zagin, ina sassauta maganar, amma zane ba ya tsallakuwa. Satin da suka zana wurin jarida da fensir ya daɗe riƙe da shafin. Abin da ya ce kawai shi ne mai zanen nan bai san aiki ba, ya karkata fensirin, takalmin zai matse ta.

Yanzu sun sa 'yar takarda a shafin baya, wai masu karatu su yanke su aika, su zaɓi wanda Azucena za ta aura. Matan gidanmu kowace ta sayi nata don ta samu takardar, duk ɗan mai kuɗi suka zaɓa. Wannan bai dame ni ba. Amma shekaranjiya Nicanor ya shigo da nasa littafin, shi da bai taɓa saye ba, ya miƙo mini biro ya ce in rubuta masa ɗan mai kuɗi. Ya ce yarinyar ta sha wahala, a bar ta ta huta, mai takalmi ba abin da zai ba ta sai ɗaki mai yoyo. Na rubuta, na shiga madafa na yi kuka.

Na yanke shawara. Zan je ofishinsu in tsaya a kansu sai sun gyara mijina, sun cire kwalbar nan, sun dawo da wurin da aka manta sunana. Ba zan bari ƙasa guda ta yi ta dariyar mutumin da ya ciyar da ni shekara ashirin da biyar ba. Abin da ban sani ba shi ne, in faɗa masa kafin in tafi, ko in bar shi bai sani ba har abada?

Taki,
Mai Jan Takalmi


Mai Jan Takalmi, 'yata,

Ki mayar da tikitin. Aikinki yana ƙofar gida, ba a babban birni yake ba.

Fushinki da masu littafin yana kan hanya, sun yi wa mutumin kirki ƙazafi. Amma ki tuna abin da kika ba su. Kin ba su shafi biyar da rabi na turare da mota, da layi huɗu na miji, su kuwa hawaye suke sayarwa duk Talata. Inda kika bar fili suka cika da kwalba. Ki rubuta musu wasiƙa ki faɗi gaskiyar labarin, haƙƙinki ne, wataƙila su buga, wataƙila su ƙi. Ko sun gyara, ba zai warkar da abin da ke ciwo a gidanki ba.

Matan wurin wanki kuma ki ƙyale su. Mace mai murza kayan mutum takwas tana da damar ta yi mafarkin mota na minti goma. Ba mijinki suke zagi ba, wani mai tumbi na takarda suke zagi.

Yanzu ga abin da ba ki gani ba. Ni ma ina karanta littafin nan, kada ki faɗa wa kowa. Na ɗauko fitowa goma sha huɗun na duba ɗaya bayan ɗaya, babu rufin da ke yoyo ko a shafi ɗaya. Wannan yoyon na ɗakinki ne. Mutumin da ya lura an karkata fensir, kina tsammanin bai gane ƙafar da aka zagaye ba? Mijinki ya sani tun wannan satin. Ya zauna duk Lahadi yana jin kina tsallake zagi, ya yi dariya da ƙusoshi a baki, bai tona ki ba. Da ya miƙo miki biro ba zaɓe yake yi ba, tambayarki yake yi ko kin yi da-na-sani. Ke kuma kika rubuta abin da ya ce, kika shige madafa.

Saboda haka ki ba shi amsa. Ki sayi naki littafin, ki yanke takardar, ki zauna a shagonsa da rana tsaka, ki rubuta mai takalmi, ki karanta masa da ƙarfi ba tare da tsallake komai ba. Ki ce masa ke kika aika labarin, cikin fushi, kuma kin yi kuskure. Ki ba shi labarin zoben da ke cikin kofin shayi, domin ina zargin ba ki taɓa ba shi ba. Idan ya yi fushi ki bar shi ya yi, ya daɗe yana haɗiye shi. Maganar rufi kuwa tana nan daram, kina da gaskiya a kanta, amma ki bari sai wata ranar.

Sannan ki ciro jan takalmin daga akwati ki sa ranar Lahadi. Bayan 'ya'ya huɗu na san zai matse ki. Ki miƙa masa ƙafar, ya san inda ake ajiye jarida da fensir.

Allah ya ƙara muku shekaru masu yawa tare, ya kuma sa a gyara rufin kafin damina.

Gwaggo Leocadia