Jinina a Tantin Sojoji

Yaya Umaru,

Salamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Jos? Mu nan Illo lafiya lau.

Gida da shagon walda da gumina na kafa su, ba wanda ya tallafa mini. To, makon jiya aka kawo wani soja asibitin tanti da sojoji suka kafa a garinmu, harsashi ya fasa masa cinya, likita ya ce sai an ƙara masa jini, ya nemi taimakon mutanen gari. Mutanenmu suka noƙe, wai jinin da aka ɗiba ba ya dawowa. Na naɗe hannun riga, na ce, "Likita, ɗiba." Jiya sojan har kunu ya sha.

Ku sa shi a addu'a, ka gaishe da Inna Hajo. Amma a littafin asibiti likita ya rubuta wai "wani bawan Allah" ne ya ba da jinin. Gobe ba zan bar tantin nan ba sai ya goge, ya sa Garba Mai Walda.

Ƙanenka,
Garba