Mabuɗin Ɗakin Ajiya

Onotoa, watan Maris

Zuwa ga maigidana Tokataake,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe tana kallon teku. Yaya jikinka, yaya aikin jirgi da sanyin ƙasashen da kuke ratsawa? Innarka tana gaishe ka. 'Yarmu Ruiti ta ce a tuna maka alkawarin takalmi.

Baban Ruiti, har yau sama ba ta zubo ko ɗigo ba. Rijiyarmu ta koma zartsi, ko shayi aka dafa da ruwanta sai ka ji gishiri a maƙogwaro. Kwakwa ma ta ƙanƙance. Rabin yaran ajina suna gida da zawo, Ruiti ma cikinta ya fara tun shekaranjiya. Ina ba ta gishiri da sukari, amma da wane ruwa nake damawa?

Ga labari mai daɗi dai. Tallafin ruwan sha da gwamnati ta ware wa ƙananan ƙauyuka ya iso mu. An sauke tanki da bututai da famfo da farantin sola, za a jawo ruwa daga tsakiyar tsibiri inda gishiri bai kai ba. Makaranta ce kaɗai ke da ƙofa mai kwaɗo, don haka dattawa suka damƙa mini mabuɗin. Injiniyan da ya kawo kayan zai dawo a jirgin ruwa na gaba ya haɗa. Ya ce ƙauyuka da yawa suna jira, in ya tarar kayan ba su cika ba, zai wuce da sauran inda aka shirya.

Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Bwenaata

Onotoa, watan Afrilu

Baban Ruiti,

Da fatan kana lafiya.

Ka san al'adarmu: wanda ya zauna a tabarmarka ya ce bubuti, ba ka da bakin hana shi abin da ya roƙa. Da aka ba ni mabuɗin ban kawo wannan a raina ba. Nei Tiebane maƙwabciyarmu ce ta fara, murfin tanki take so ta shanya kifi. Na ce kayan gwamnati ne. Ta yi dariya ta ce, "Malama, gwamnati tana can babban birni Tarawa, ni ga ni a tabarmarki. Ko karatun ya cinye miki kunya?" Na ba ta. Daga nan ƙofa ta buɗe. Bututu ɗaya ya zama sandar kwalekwale, wani ya zama shingen aladu. Daga ƙarshe Kawu Uriam, yayan Innarka, ya zo da kansa ya ɗauki farantin sola don cajin batirin fitilar kamun kifi. Mutumin da ya riƙe ka bayan rasuwar mahaifinka, da wane ido zan dube shi in ce a'a? Kowa cewa yake aro ne, ai jirgin Tarawa ba ya zuwa ranar da ya ce.

Ranar Talata muka binne jikan Nei Tiebane. Bai ma fara tafiya ba. Zawon nan ne.

Ruiti ba ta riƙe komai a cikinta. Idanunta sun faɗa, in na ja fatar hannunta sai ta tsaya ba ta koma ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ce magani ba zai yi aiki ba muddin ruwan nan take sha. Yau kuma rediyo ya ce jirgin ya baro Tarawa. Na buɗe ɗakin ajiya na tsaya ina kallo, tanki ne kawai ba murfi, sai famfo a kwalinsa. Ina jin tsoro, Tokataake. Kullum ina koya wa yara riƙon amana, ga amana ta zube a hannuna.

Taka,
Bwenaata

Onotoa, ƙarshen Afrilu

Maigidana,

Gaisuwa da kewa. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Innarka ce ta tarar da ni ina kuka a bakin rijiya. Ta ce, "Ke wai bakinki na karatu ne kawai? Su kaɗai aka haifa da bubuti?" Wallahi ban taɓa roƙon kowa ba tun da na fara aiki, kullum ni ake roƙa. Na ɗaura zane na bi gida gida, ina zama a tabarma ina faɗin kalmar. Nei Tiebane ba ta bari na rufe baki ba, ta kife kifinta a ƙasa ta ɗora murfin a ka ta biyo ni. Aka kwance shingen aladu, aladun suka bazu cikin gari, ba wanda ya yi dariya.

Kawu Uriam ne ƙarshe, jirgi kuwa har an hango shi. Ya saurare ni ya ce, "'Yata, kin roƙa, ɗauki abinki. Amma kifi ya guje bakin gaɓa, in ba fitila da me zan ciyar da gidan nan?" Sai ya gyara zama ya ce bubuti, injin kwalekwalen ɗansa yake so, ya riƙa fita can cikin teku kamun kifi da rana.

Injinka, Baban Ruiti, wanda ka sha sanyin teku ka saya, ko sau ɗaya ba ka tayar da shi ba. Na ba shi.

Injiniyan ya yi ta mita kan bututun da ke warin alade, amma ya haɗa. Jiya famfo ya kawo ruwa. Na ɗanɗana, ba gishiri. Na tafasa na ba Ruiti cokali cokali, ina jiran amai, bai zo ba. Har yanzu ba ta iya zama, kuma ina yawan kai kunnena ƙirjinta in ji numfashi. Amma da safen nan ta buɗe ido ta tambayi takalminta.

Ban san yadda za ka ɗauki maganar injin ba. In faɗa ne, ka dawo ka yi mini shi a gida, zan saurara. Ni ma ga nawa bubuti, kuma ka san ba a hanawa: ka taho da takalmin, ja take so.

Matarka mai jiranka,
Bwenaata