Abin da Likita Ya Nuna Mini a Kwalba

Malam, salamu alaikum.

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

An yi wa Abba tiyata, ɗanka da ba ka gani ba. Lokacin da ciwon ciki ya kwantar da kai, ina da ƙaramin cikinsa. Kunya ta sa ina ta jiran ka warke in gaya maka. Ka tafi ba ka sani ba.

Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi Abba ya dawo gida a sunkuye, hannunsa dafe da gefen dama, yana jan ƙafa. Malam, tafiyarka ce sak. Yayarka Hajiya Lami ta ce shawara ce, a jiƙa masa saiwa, kamar yadda dukanmu muka ce a kanka. Ban tsaya ba, na ɗora shi a babur sai asibitin Tudun Wada.

Kafin likita ya taɓa shi na ce afendis ne. Ya tambaye ni inda na san kalmar. A ina kuwa? A bakin wani likitan na fara jin ta, bayan an rufe maka fuska, yana cewa ta riga ta fashe tun a hanya. Kai ko sunan abin da ya ɗauke ka ba ka ji ba.

Sunanka muka sa wa yaron, shi ya sa nake ce masa Abba. Da za a shiga da shi ɗakin tiyata, ma'aikaciya ta ɗaga murya ta kira sunan nan. Sai da na waiga ina neman ka.

Bayan an gama, likita ya nuna mini ita a kwalba. Ba ta wuce ɗan yatsana ba. Wannan ce ta kayar da mutumin da ke saɓa buhun masara shi kaɗai?

Abba ya warke, har ya koma makaranta. Gero ya yi kyau bana. Amma da yana farfaɗowa daga allurar barci ya yi wani nishi, kuma muryarka ce, wadda bai taɓa ji ba. Har yau in ya yi tari a soro, sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara.

Allah Ya haskaka kabarinka. Sai na zo.

Taka,
Maman Abba