Motar da Na Hana Ta Isa

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna, a gidanta na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama da yalwar makwanci. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Waɗanda za su karanta ta su ne matan nan da suke bibiyata a waya, suka hana ni sakat. To su karanta, amma da ke nake.

Inna, na gaji. Shekara huɗu ke nan ina ɗauke da wani alkawari naki, kullum yana ƙara nauyi.

Kin tuna littafin nan mai koren bango, labarin Saude? Ke ba ki yi boko ba, ga yanar ido da hayaƙin turaren wuta ya bar miki, don haka ni ce mai karanta miki. Bayan la'asar sai ki shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Fagge, ki miƙe ƙafa ki ce in ɗauko mana baƙuwarmu. Saude ta yi fushi da uwarta ta bar gida, ta yi shekaru a wani gari mai nisa tana sana'a. A ƙarshen littafi na biyu saƙo ya same ta cewa tsohuwar ba lafiya, ta ɗauki jaka ta tsaya a tasha. Nan marubuciyar ta ajiye alƙalami, ta ce a tara a na uku.

Mun tara, Inna. Shekara tara muna tarawa.

Duk ranar da za ni Kasuwar Sabon Gari sayo miki itacen turare, sai kin ce in biya wajen Malam Uba mai littattafai. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, kamar karatun aku: "Yana hanya, Hajiya." Daga baya ya ce marubuciyar ta yi aure ta bar ƙasar. Wata rana kuma ya ce ya ji ta rasu. Ke dai ba ki taɓa yarda ba. Cewa kike babu mai imanin da zai bar 'yar mutane a tasha ya tafi abinsa.

Lokacin dariya nake miki. Sai da na girma na gane abin da ya sa. Daga Barno aka kawo ki Kano kina amarya, kuma ranar da saƙon ciwon mahaifiyarki ya zo, kin isa ne bayan an dawo daga maƙabarta. Sau ɗaya kika taɓa faɗa min, kina tankaɗe, ba ki ko ɗago ba. So kike Saude ta tarar da abin da ke ba ki tarar ba.

Da ciwonki ya yi tsanani, kika daina cin abinci kika daina hira, sai na yi miki ƙarya. Na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, na cusa shi a cikin bangon wani tsohon littafi saboda na san za ki laluba, na shigo da murnata na ce na uku ya fito. Ranar kin tashi zaune da kanki, har kika sha kunu rabin kofi.

Da safe in rubuta shafi huɗu ko biyar, da la'asar in karanta miki. Na sa Saude a mota. Ina ta alfahari a raina wai na iya kwaikwayon muryar marubuciyar, ashe wauta ce take jirana a gaba.

A rana ta shida na sa motar ta lalace a wani ƙauye, wata dattijuwa ta sauki Saude. Ina son in ba dattijuwar sana'a, ni kuma sana'a ɗaya na sani, sai na sa ta haɗa turaren wuta. Na rubuta yadda ta narka suga a kasko, ta ɗiga lemon tsami sau uku don kada ya daskare, sannan ta zuba itace. Na rubuta yadda ta ɗebi na farko ta kai zaure ta turara, ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, rabon masu wucewa ne. Duk Fagge wa yake haka in ba ke ba? Ina karantawa ina jin bakina yana tona min asiri, amma ba damar tsayawa.

Kika bari har na kai ƙarshen shafin. Can kika ce, "Wannan marubuciyar, ashe ta taɓa zama a tsakar gidan nan." Sannan kika gyara mayafi kika ce in ci gaba.

Daga ranar ke kin san na san kin sani, amma babu wadda ta fasa ƙwan. Ina ci gaba da kiransa na uku, kina ci gaba da yi wa marubuciyar addu'a, kina cewa Allah ya yi mata albarka ya ba ta masu yi mata.

A nan laifina yake, kuma shi ya sa nake rubuto miki. Na lura in dai Saude tana hanya, kina jiran la'asar. Sai na ƙi barin motar ta isa. Yau taya ta fashe, gobe ruwa ya cinye gada, jibi direba ya yi faɗa da fasinja. Har kika fara tsokanata, wai ko a ƙafa yarinyar nan ta taho da yanzu ta yi sati a gida. Ni kuwa a wautata gani nake in labarin bai ƙare ba, ke ma ba za ki tafi ba.

Ran Laraba ta ƙarshe kika riƙe hannuna, kika kira sunana sosai ba da wasa ba. Kika ce, "Falmata, ki daina tsayar da motar nan. Ki kai yarinyar gida." Na ce to, gobe. Goben kuwa asibiti muka wuni, kuma ba ki sake dawowa tabarmar nan ba.

Bayan arba'in ƙawata Binta ta ga littafin, ta matsa min sai da na sa shi a wani zauren mata na waya. Ban san akwai irinki da yawa ba, Inna. Wata daga Rijiyar Lemo ta ce tun tana budurwa take jiran na uku, yanzu har 'yarta tana makarantar firamare. Wata matar ɗan kasuwa a Kantin Kwari ta ce ita ma ta taɓa rubuta nata ta ɓoye a ƙasan akwati. Kullum wayata ba ta hutawa: Anti a ci gaba, Anti kin bar mu a hanya. Ni da na yi shekaru ina jin haushin marubuciyar nan, sai ga shi na zama ita. Yanzu ba na zaginta. Wa ya san wadda take karanta wa, da abin da ya tsayar da hannunta?

Akwai kuma masu cewa sata na yi, wai na sa hannu a kwanon wata. Maganar ta dame ni, don akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Saude ba tawa ba ce. Amma nakan tuna yadda kike aikena maƙota ɗibar wuta, kina cewa mai ɗibar garwashi bai rage wa murhu komai ba, sai dai kada ya ce shi ya hura. Shi ya sa sunan marubuciyar yake saman kowane shafi, kuma ban taɓa sayar da ko layi ɗaya ba. In tana raye, ta yafe min. In ta fito da nata gobe, ni ce farkon zuwa saye.

Makon jiya na biya ta wajen Malam Uba. Ya tsufa, yanzu caja da rigar waya yake sayarwa, littattafan suna cikin buhu a ƙarƙashin tebur. Ya gane ni, ya tambaye ki. Da na faɗa masa sai ya cire hula ya yi miki addu'a, sannan ya ce shi fa ya san tun tuni na uku ba zai zo ba, kunyar aiko miki da hakan yake ji.

Na dawo gida na kasa zama. Shi ma ashe tsayar da motar yake yi.

Jiya bayan la'asar na shimfiɗa tabarmarki, na zuba garwashi a kasko, na ɗebo ragowar turaren da kika haɗa da hannunki, wanda nake ta adanawa. Na buɗe littafin daga inda muka tsaya, na rubuta. Da na gama na karanta da ƙarfi yadda na saba, ko da yake babu kowa a gidan sai ni.

Saude ta isa, Inna. Ta yi sallama a zaure, aka amsa mata daga ciki, kuma muryar uwarta ce. Ta tarar da ita a zaune tana shan kunu.

Shafi uku ne kacal. La'asar ɗaya ta ishe mu, amma na hana ki. Ki yafe min.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya haɗa ki da taki mahaifiyar, ki yi sallama ta amsa miki. Ya sada mu da ku cikin rahamarsa, amin.

Taki har abada,
Falmata